Tsakanin Gwiwar Liman da Cikinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mai wannan fili, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙonka don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin na shiga wani hali da na rasa gabansa na rasa bayansa. Ka yi haƙuri da tsawon takardata, tsoho idan ya tashi magana sai ya ɗauko ta daga tushe. Ka kuma yi mini uzurin ɓoye sunana. Ni mutum ne da aka saba zuwa wurinsa a yi tambaya. Yau da tambaya ta kama ni, na duba gabas na duba yamma ban ga wanda zan buɗe wa cikina ba a unguwarmu. Masu hankali suna nan, amma duk wanda na faɗa wa, gobe zai tsaya a bayana yana salla yana tuna abin da ya ji.

Ni limami ne a wani ƙaramin masallacin unguwa a Boukoki. Asalina mutumin ƙasar Tahoua ne, na zo Yamai tun ina da ƙarfina, na zauna gaban malamai har Allah ya nufa aka ba ni wannan amana. Bana shekaruna saba'in da ɗaya, kuma shekara ashirin da bakwai ke nan ina jan salloli biyar a wurin. Abin da nake tsoro, in faɗa maka tun da farko, shi ne rabuwa da wannan limanci.

Shekara biyu da suka wuce gwiwoyina suka fara ciwo, musamman ta dama. Tsayuwa ba ta gagare ni ba, ruku'u ma da sauƙi. Sauka zuwa sujada da tasowa daga gare ta, nan ne wahalar take. Ka san hukuncin a mazhabarmu: wanda ya kasa sujada ya koma yin salla a zaune, sallarsa ta inganta ga kansa, amma ba ya jan waɗanda suke iya cika rukunansu. Wannan hukunci ba a karatu kaɗai na san shi ba. Ni ne na ɗauke shi da bakina na kai wa limamin da na gada, Allah ya jiƙansa, lokacin da ƙafa ta gagare shi ina na'ibinsa. Jama'a suka kasa faɗa masa, suka turo ni. Ya saurare ni har na gama, ya ce na faɗi gaskiya, ya koma ƙarshen sahu bisa kujera. Bai cika shekara ba bayan nan ya rasu. Na san ajali ne, na sha gaya wa mutane haka. Duk da haka abin bai bar zuciyata ba.

Ina cikin wannan fargaba sai abokina Alhaji Dauda, tsohon direban babbar mota wanda ba ya rabuwa da sahun gaba, ya lura da yadda nake cije leɓe idan zan tashi. Ya ja ni gefe ya ce haba Malam, wannan har abin damuwa ne? Su da suka ƙare ƙuruciyarsu suna taka mota daga Yamai zuwa Agadez, da me nake tsammani suke riƙe gwiwa? Ya zaro wata ƙwaya daga aljihu ya ba ni. Wurin masu yawo da magani a kwando bisa kai ake samun ta, ba a tambayar ordonansi, wato takardar likita. Na kwafi sunan da ke bayan takardarta harafi bayan harafi don ka gani: diclofénac.

Ranar da na fara shan ta na yi sujada kamar ɗan shekara arba'in. Na yi wa Allah godiya, na ɗauka sauƙi ne ya aiko mini ta hannun bawansa. Tun daga nan nake shan ɗaya kafin in fita sallar asuba, cikina babu komai, in ƙara ɗaya kafin la'asar. Ranakun Litinin da Alhamis da nake azumin nafila, wanda na fi shekara talatin ina yi, sai in haɗiye biyun tare da sahur.

Ciwon cikin ya fara wajen shekara ɗaya ke nan. Wani zafi ne a ƙahon zuci kamar an ajiye garwashi, ga ƙwannafi, ga gyatsa mai tsami, ga kumburi ko da loma uku na ci. Wani lokaci yunwa ce take tayar da shi, wani lokaci kuma cin abincin ne. Na rasa gane wanne ne abokin gabana. Na ɓoye har na gaji, amma jama'a suka ga ina dafe ciki a wurin karatu, na kuma rame.

To, ka san halin mutanenmu da limaminsu. Ba a kwana uku ba kowa ya zama likita. Alhaji Dauda ya kawo kanwa ya ce a jiƙa in riƙa kurɓa, wai ita ce take kashe wutar ciki. Wani maƙwabcina Bazabarme mai lambu a Goudel ya riƙa aiko da kabeji, ya ce a daka shi ɗanye a tace in sha ruwan. Telan da ke jikin masallaci ya rantse cewa tsutsa ce take cizona, kuma ba abin da ke kashe ta sai lemun tsami da tafarnuwa da citta a ruwan ɗumi. Wata tsohuwa ta aiko da jiƙon saiwa a kwalba, har yau ban san sunan itacen ba. Mai ɗakina Hajiya Hauwa ita kuma madara ta riƙe, da ta ga na yamutsa fuska sai ta miƙo kofi. Ni a karan kaina ina da yaƙini a kan zuma da habbatus sauda, kuma ba na jin akwai mai raba ni da su.

Ga inda na ɗaure kaina. Mutum ya kawo maka abu da ƙauna, ba ka iya mayar masa. Washegari kuma zai tare ka a bakin masallaci ya tambaye ka ko an gwada. Ni ban saba ƙarya ba, saboda haka sai in gwada ɗin, don in samu abin faɗa. Kafin hantsi abu biyar ko shida sun shiga cikina, wani na bin wani. In na ce da sauƙi, kowa ya tafi yana cewa nasa ne ya yi aiki, gobe ya ƙaro. In na ce babu sauƙi, sai a ce ban sha da yawa ba ne.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ɗiyata Hadiza, wadda take koyarwa a lekol, makarantar boko, ta ɗauke ni kusan da ƙarfi ta kai ni wani asibiti wajen Gaweye. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Hadiza ba, mai ladabi ƙwarai. Aka yi gwaje-gwaje, har aka zura mini wani siririn tiyo mai fitila ta baki aka leƙa. Ta ce gastirit ne. Hadiza ta bayyana mini cewa fatar cikin tumbina ta yi ja ta kumbura har ta fara ƙujewa, bai kai gyambo ba tukuna amma yana hanya, kuma an ga wata ƙwayar cuta da take zama a wurin.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Likitar ta tambaya ko akwai maganin da nake sha kullum, musamman na ciwon jiki ko na gaɓoɓi. Kafin in buɗe baki Hadiza ta amsa ta ce babu, Baba ba ya shan komai sai zuma da na gargajiya. Ba laifinta ba ne, ba ta sani ba, domin a cikin gafakar littattafaina nake ɓoye ƙwayar. Likitar ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai na yi shiru, alhali a wannan lokacin takardar ƙwayar tana cikin aljihun rigata. Daga yadda ta yi tambayar na ji a jikina cewa in na faɗa za ta hana ni, in ta hana ni kuwa kujera ce makomata. Ni da nake koya wa mutane cewa yin shiru a inda magana ta wajaba ɗan'uwan ƙarya ne, ga ni na aikata. Na yi istigfari ba adadi, amma ban koma na gyara ba.

Ta rubuta mini kafso ɗaya da zan riƙa sha rabin awa kafin karin kumallo, da wasu ƙwayoyi na safe da yamma har kwana goma sha huɗu. Ta ce in bar yaji da goro da shayi mai ƙarfi da soye-soye da kayan tsami, in riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, in kuma dakatar da azumin nafila.

Na yi iyakar ƙoƙarina, ko dai in ce na yi wani sashe. Hajiya tana ɗora mini tukunya dabam, babu yaji ko ƙanƙani, har dambu da kopto, kwaɗon zogale, lami nake cin su. Goro na bar shi, bayan shekara hamsin, kuma Allah kaɗai ya san abin da na ji. Shayi na bar kofin farko da na biyu, ina karɓar na uku. Amma azumin ban bari ba, na kasa. Ƙwayoyin kwana goma sha huɗu kuma a rana ta tara na ajiye su, domin sun sa mini wani ɗaci a baki kamar na lashi tsatsa, harshena ya yi nauyi a karatu. Kafson safe ina shan sa, sai dai tare nake haɗiye shi da ƙwayar gwiwa, in bi su da ruwan kanwa. Ga kuma suna da ɗaurin aure, inda liman ake fara ajiye wa akushi, mai gida yana tsaye yana kallo. Yaya zan yi in ban ɗauki ko tsoka ɗaya ba?

Na samu sauƙi na kamar mako guda, sannan ciwon ya dawo sabo. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Alhaji Dauda ya ce ai dama maganin asibiti lallashi yake yi, ba ya cire ciwo. Hajiya ta ce azumin ne. Hadiza ta ce tarkacen jiƙe-jiƙen ne. Har an samu wanda ya raɗa mini cewa in bincika, ba kowane ciwo ne na asibiti ba, akwai masu son wurin da nake tsayawa. Na tsawata masa ƙwarai, amma ka san Shaiɗan, ya bar mini ɗan abin da ya bari.

Ranar Talata ta makon jiya na ce bari in gwada, na ƙi shan ƙwayar gwiwa. Gaskiya cikina ya ɗan lafa a ranar, ko da yake ban sani ba ko zato ne kawai. Asuba da azahar na lallaɓa. Da la'asar, a raka'a ta uku, na yi sujada ta biyu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na daɗe a ƙasa har mutane suka fara cewa subhanallah a bayana, suna tsammanin mantuwa na yi. Da ƙyar na dafa bango na miƙe. Bayan sallama na'ibina Malam Ousmane, mutum mai kunya wanda ya kai shekara hamsin kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya matso ya ce a hankali ko zan ɗan huta ya riƙa taimakawa kwana biyu. Na ba shi amsa mai kaushi wadda har yanzu nake jin kunyarta. Washegari na sha ƙwaya biyu lokaci ɗaya.

To ga ni nan. Shin akwai wani abinci ko wani magani, na asibiti ko na gida, mai ƙarfin da zai kare cikina in ci gaba da shan ƙwayar nan? Cikin abubuwan da jama'a suke kawowa wanne zan riƙe, wanne zan bari, kuma ta yaya zan bari ban ɓata wa kowa ba? Azumin fa? Ko ma ƙwayar ba ta da laifi, ni ne nake zarginta a banza? Akwai kuma tambayar da na san ba taka ba ce, amma bari in faɗe ta ko na ji sanyi: na kasa gane ko son ibada ne yake riƙe ni a gaban sahu, ko son wurin ne. Da wani ne ya zo mini da wannan magana, da na ba shi amsa kafin ya gama zama. A kaina kuwa na rasa ta.

Allah ya saka maka da alheri.

Wani dattijo daga Boukoki, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, na karanta takardarka sau biyu. Kafin in fara riƙe wannan fili na yi shekara talatin ina aikin jinya, na kuma ɗan durƙusa gaban malamai gwargwadon rabona. Saboda haka zan yi maka magana da girmamawar ɗalibi, amma ba zan yi kwana-kwana ba, domin lamarin ba ya son jinkiri.

Tambayarka ta farko amsarta a'a ce. Babu abinci, babu jiƙo, babu zuma ko kanwa da za su kare cikinka muddin kana shan ƙwayar nan yadda kake shan ta. Ba a banza kake zarginta ba, kuma ba a banza likita ta yi wannan tambaya ba. Ƙwayar nan da danginta suna kwantar da ciwon gaɓoɓi da gaske, shi ya sa direbobi suke yabonta. Sai dai akwai wani yauƙi da Allah ya shimfiɗa a cikin tumbi don ya kare shi daga tsamin da yake narkar da abinci, ita kuwa ƙwayar rage wannan yauƙi take yi. Ka haɗa wannan da ciki wayam, sau biyu a rana, shekara biyu, a jikin ɗan saba'in, ga kuma ƙwayar cutar da aka gani. Maganin likita bai gaza ba, Malam. Kana yaɓen bango ne da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana watsa masa ruwa.

Ka ajiye ƙwayar daga yau. Abin da ake tsoro shi ne ƙujewar ta zama gyambo, gyambon ya fara zubar da jini, kuma sau da yawa ba ya sallama. Idan ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ko ka yi aman jini ko mai kama da garin kofi, ko jiri ya riƙa ɗibar ka idan ka miƙe, kada ka jira a gama salla, kada ka jira kowa, asibiti kai tsaye. Irin wannan ƙwaya tana kuma taɓa ƙoda, tana tayar da tansiyo, wato hawan jini, balle wadda ta wuni cikin rana a kwando.

A cikin makon nan ka koma wurin likitar da takardar ƙwayar a hannunka, da kwalbar jiƙon, da sauran maganin da ya rage. Ka fara gaya wa Hadiza, domin ita ma ta faɗi abin da ba haka ba ne ba da saninta ba, kuma tana da haƙƙin ta sani. Kada kunya ta hana ka. Mu da muka yi aikin mun san cewa marasa lafiya da yawa suna ɓoye irin wannan, kuma wanda ya dawo ya faɗi gaskiya daɗinsa ake ji. Istigfarin ka yi shi, gyaran ne ya rage. Ka kuma nuna wa likitar gwiwar, domin har yanzu babu likitan da ya duba ta, Alhaji Dauda ne kaɗai. Akwai maganin ciwo da ba ya cin ciki, akwai na shafawa, akwai motsa gwiwa da ake koyarwa, wani lokaci har allura ake yi a gaɓar. Ita za ta zaɓa bayan ta gani.

Ka gaya mata cewa a rana ta tara ka tsaya da ƙwayoyin kwana goma sha huɗu. Kada ka ɗauko ragowar ka ci gaba da kanka, domin ƙwayar cutar da aka fara kashewa aka bari takan yi taurin kai, wataƙila sai an sake sabon zubi. Ɗacin bakin sananne ne, yana wucewa da an gama. Kafson safe kuma shi kaɗai ake shan sa da ruwa, a jira rabin awa, sannan a karya.

Sai kayan jama'a. Zuma ka riƙe ta, cokali ɗaya a ruwan ɗumi, in ba ka da ciwon sukari. Habbatus sauda ƴar kaɗan bayan cin abinci, kada ka sha manta a ciki wayam, kuma ka sanar da likita. Yaƙininka a kansu bai hana bin likita ba, dukansu sababi ne, Mai warkarwa ɗaya ne. Kabejin Goudel a sa shi a miya, abinci ne mai kyau, amma ba zai tsaya a matsayin magani ba. Madarar Hajiya tana sanyaya ciki na ɗan lokaci sannan tsamin ya dawo, saboda haka kaɗan, tare da abinci. Lemun tsami da tafarnuwa da citta a kan fatar da ta ƙuje, ka bar su. Kanwa ma ka bar ta: tana kwantar da ƙwannafi na awa guda, amma gishirinta yana da yawa ga mai shekarunka, kuma tana iya hana magani shiga jiki yadda ya kamata. Jiƙon da ba ka san itacensa ba kuwa, ba na jin kana bukatar fatawata a kansa.

Yadda za ka bari ba ka ɓata wa kowa ba, ba ka kuma yi ƙarya ba, abu ne mai sauƙi ga mai mumbari. Bayan wata salla ka juyo ka gode musu gaba ɗaya, ka ce likita ta hana ka haɗa maganinta da komai har ka gama, wanda yake son taimaka maka ya yi da addu'a. Magana ɗaya a gaban kowa ba ta zama wulakanci ga kowa. A wurin suna da ɗaurin aure ka sa albarka a akushin, ka ce a ƙunsa maka ka kai wa iyali. Mai gida zai ma fi jin daɗi.

Abinci kuwa, Hajiya tana kan hanya, Allah ya yi mata albarka. Kunu mara tsami, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, dafaffen kifin kogi, dankali, ayaba, gwanda. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini. Kada ka kwanta da zarar ka ci. Shayinka na uku ba zan raba ka da shi ba, in dai bayan abinci ne kuma bai tayar maka da zafi ba.

Azumin Litinin da Alhamis, ka fi ni sanin matsayinsa. Nafila ce, kuma ka san abin da malamai suka ce game da wanda ya saba wani alheri sannan rashin lafiya ya hana shi. Ka ba kanka fatawar da za ka ba tela in shi ne ya zo maka. Ka dakata har likita ta sake ka. Jinyar da ka yi yanzu ita ce za ta ba ka damar ɗaukar na farilla idan watansa ya kama.

Yanzu maganar limanci, wadda ita ce ainihin ciwon. Ba zan ce maka abu ne ƙarami ba. Shekara ashirin da bakwai a wuri ɗaya, mutum ba ya matsawa bai ji ba, kuma wanda ya ce maka kawai ka haƙura bai san nauyin abin ba. Tsoronka na zama tsoho a ƙarshen sahu wanda ake gaisarwa a wuce, shi ma tsoro ne na gaske. Amma ka auna ɗaya ɓangaren. Ƙwayar ba ta gyara gwiwar ba, rufe mata baki take yi, ga shi har ka fara ninka ta. In ka ci gaba a haka za ka iya rasa limancin da lafiyar gaba ɗaya, wataƙila ma a tsakiyar salla, jama'a suna bayanka. Kuma aikin liman bai tsaya ga jan raka'o'i ba. Karatu naka ne, fatawa taka ce, sulhu da ɗaurin aure da raɗin suna ba sa bukatar gwiwa.

Shawarata ita ce ka kira Malam Ousmane, ka ba shi haƙuri a kan amsar da ka yi masa, sannan da bakinka ka wakilta shi ya ja salla har wata biyu, ka sanar da jama'a cewa jinya za ka yi. Ka tsaya a sahun farko da kujerarka, bayan sallama ka juya ka ci gaba da karatunka. Wannan zai kuma kashe raɗe-raɗin da aka kawo maka. Bayan wata biyun, in ciki ya warke kuma gwiwa ta amsa magani, ka koma wurinka. Mai yiwuwa ne ƙwarai. Mai yiwuwa ne kuma ta ƙi, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. In haka ta kasance, ka bar wurin da mutuncinka da ranka, ga wanda kai ka horar.

Tambayarka ta ƙarshe, ko son ibada ne ko son wuri, ban ga zuciyarka ba. Abin da na sani shi ne da wuya a samu ɗan Adam da biyun ba su cakuɗe masa ba, kuma ba sai ka gama tantance su ba kafin ka yi abin da ya dace. Ka fara da zuwa asibiti, sauran za su fi sauƙin gani idan zafin ya lafa.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa wannan ciwo ya zama kaffara, ya sanya albarka a iyalinka da jama'arka. Ka sa mu a addu'a, Allah ya gafarta Malam.

Mai kula da fili